Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kuɗin wata-wata: ta ina zan fara?

Baban_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Bara Allah ya hore mana muka sayi gida a Kolombus, jihar Ohayo, ginin 1974. Akwai besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, amma tsirara yake: bangon kankare, daɓen siminti, bututu da wayoyi a sama kamar hanjin rago, ga injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi a kusurwa. Yanzu kwalaye da kekunan yara ne a ciki. Hajiyata za ta zo bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, ɗakunanmu kuma uku ne a sama, yara huɗu. Na kira ɗan kwangila, ya zagaya da tef ɗinsa, ya rubuto min dala 41,000 har da banɗaki. Na ce masa zan kira shi. Abin da zan iya cirewa a wata bai wuce dala 400 ba, wani watan ma 250. Ana iya yin aikin nan kaɗan-kaɗan kamar yadda muke gini a gida, bana bulo baɗi linta? Ni na so in fara da katako da allon bango na ɗaki ɗaya, ko don in ga abu ya tashi.

Kawu_Minisota
Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri. Ana iyawa, nawa shekara uku ya ɗauka. Amma kar ka sayi ko ƙusa ɗaya tukuna. Ka fara sanin halin ruwan gidanka.

Samo leda mai kauri, ka yanka kamar faɗin dardumar sallah, ka manna ɗaya a daɓe, biyu a bango, ka rufe gefe huɗu da salatif sosai. Bayan kwana biyu ka ɗaga. In raɓa tana saman ledar, danshin iskar ɗakin ne, na'urar tsotse danshi za ta yi maganinsa. In kuwa ƙarƙashin ledar ne ya jiƙe, simintin ya yi duhu, to ruwa ne ke ratsowa daga ƙasa. Ka kuma haska tocila a gindin bango. In ka ga wani farin gari kamar kanwa, irin wanda ke cin gindin katanga a gida, ruwa ya taɓa bi ta nan ya bushe ya bar gishirinsa.

Ni ban yi haka ba. A watan Nuwamba na kafa katako na rufe ɗaki guda, na yi fenti, har na ɗauki hoto na tura gida. Da Afrilu ta zo ƙanƙara ta narke, sai wani wari ya fara tashi kamar tsumman da aka manta a bokiti. Da na ɓalle allo ɗaya, bayansa baƙi ƙirin da funfuna. Duk na cire na zubar.

Maman_Sadiq_Indiyana
Kawu ya gama magana. Mu abin da ya cece mu ko dala 60 bai kai ba. Bututun da ke sauko da ruwan rufi a gindin gida yake zubarwa, daidai kusurwar da ke jiƙewa. Maigida ya ƙara masa tsawo ya kai shi nesa da bango, ya share indararon da ganye ya toshe, muka zuba ƙasa a gefen gidan ta gangara waje. Shi ke nan kusurwar ta bushe.

DanKurmi_Kano
Ku yi haƙuri, ni daga Kano nake bin zancen. Wai me ya sa mutum da kuɗinsa zai haƙa rami ya shiga ya kwanta tun da ransa? Ba fili ne a Amurkar?

Injiniya_Wpg
@DanKurmi_Kano ka ba ni dariya. Sanyi ne ya jawo. A wuraren nan ƙasa kanta daskarewa take yi da hunturu, ruwan da ke cikinta ya zama ƙanƙara ya kumbura, ya ɗaga duk abin da ke kansa. Don haka dole harsashin gini ya nutse ƙasa da inda daskarewar ke kaiwa. A kudancin Minisota doka ta ce inci 42, a arewacinta inci 60, ƙafa biyar ke nan. Tunda an riga an haƙa haka, ƙarin ƙafa biyu ko uku ya ba ka hawa guda kusan kyauta. Shi ya sa da wuya ka ga besmen a Fulorida, can ba daskarewa, ruwan ƙasa kuma yana kusa.

Baban Ilham, ƙari kan maganar Maman Sadiq: ƙa'idar ita ce ƙasar gefen gida ta sauka inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga bango. Sannan akwai abin da ba wanda ya ambata, radon. Iska ce da ke fitowa daga ƙasa, ba launi ba wari, tana taruwa a besmen, kuma bayan sigari ita ce ta biyu wajen jawo sankarar huhu. Tsakiyar Ohayo na cikin yankunan da take da yawa, kamar mu nan Manitoba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce in awo ya kai 4 a ma'auninsu a yi gyara, mu nan Kanada 200 ne a namu ma'aunin. Kayan gwajin ba tsada. Ka gwada yanzu, domin maganinta shi ne a huda daɓe a sa bututu da fanka ta fitar da iskar waje. Gara a huda tun babu abin da ka shimfiɗa.

DanKurmi_Kano
Ramin ma har da iska mai guba. Allah ya kyauta. Baban Ilham ka turo kuɗin nan mu kai maka gini linta a Rijiyar Zaki.

Baban_Ilham
Hahaha Malam, akwai wani da na turo wa tun 2019, har yanzu muna linta. Kawu, Injiniya, na gode ƙwarai. Zan manna ledar yau da daddare. Gwajin radon an yi lokacin sayen gida, zan nemo takardar.

Hajiya_Kalgari
Ni tambayata ba ta siminti ba ce. Baban Ilham, shekarun Hajiya nawa, kuma yaya gwiwoyinta? Matakala goma sha biyu ko sha uku, sau nawa a rana? Ga sanyin daɓe, ga ƙarar injin ɗumama cikin dare. Tsohuwa ta baro gidanta mai tsakar gida da rana da maƙwabta, ka kai ta inda ko wayewar gari ba ta gani? Tawa da ta zo, kwana huɗu ta yi a ƙasa ta ce min, "Ke, kabari kika sa ni?" Muka mayar da ita sama, manyan yara maza suka sauka, su kuwa murna kamar an ba su gida.

Baban_Ilham
Hajiya wallahi kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ta haura saba'in, kuma tana fama da ƙafa. Ni tunanina ta samu wurinta ita kaɗai, ba hayaniyar yara. Maman Ilham ma abin da kika faɗa ta faɗa.

Hajiya_Kalgari
To ka ji maganar Maman Ilham.

Zango_Bronx
Ko wa zai kwana a ƙasan, tsohuwa ko yaro, maganar taga ba wasa ba ce. Mu a Niyok mun gani da idonmu. Satumban 2021, daren da ruwan guguwar Ida ya sauka, mutum 11 suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu a yankin Kwins na birnin. Ruwa ya shigo da ƙarfi, ƙofa ɗaya ce, ba ta buɗuwa. 'Yan'uwanmu da yawa a irin ɗakunan nan suke haya don sun fi araha. Ni kaina na yi shekara biyu a ɗaya da na zo daga Kumasi, tagarsa ko kaina ba zai wuce ba. Wuta ma haka, in ta tashi a matakala ina za ka bi?

Injiniya_Wpg
Gaskiya ne. A dokar ginin da yawancin jihohin Amurka ke bi, ɗakin kwana a besmen sai da tagar tsira. In an buɗe ta, sararin ya kai murabba'in ƙafa 5.7, tsayi kar ya gaza inci 24, faɗi kar ya gaza inci 20, kuma daga daɓe zuwa bakinta kar ya wuce inci 44. A waje a haƙa mata rami mai faɗin da mutum zai fito, in ya yi zurfi a sa tsani. Girman an yi shi ne har don ɗan kwana-kwana ya iya shigowa da tukunyar iska a bayansa. Gidan 1974 ina tsammanin 'yan ƙananan tagogin nan ne a can sama. Yanka kankare za a yi, kuma wannan ba aikin da za ka koya a YouTube ba ne. Shi ne babban kuɗi na farko da za ka tara wa. Ka kuma auna daga daɓe zuwa katakon sama, ana son ƙafa 7 bayan an gama komai.

BaKatsine_Denba
Ku dai kuna ta tsorata bawan Allah. Ɗan'uwa, ni na yi nawa ba takardar izini ba sufeto ba kowa. Gidana ne, a ciki nake aikina, wa ya gani? In ka je ka karɓi izini ka tona wa kanka asiri ne, su ƙara maka harajin gida. Shekara biyar ke nan lafiya lau.

Kawu_Minisota
Malam, lafiya lau har ranar da za ka sayar, ko ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Wani abokin aikina ya zo sayar da nasa, mai saye ya turo mai duba gida, aka ga ɗaki da banɗaki da babu su a takarda. Sai da ya farfasa bango aka ga wayarin, ya biya tara, cinikin ma ya watse. Kuma in wuta ta tashi daga wayar da ba a duba ba, ka shirya doguwar rigima da 'yan inshora. Harajin zai ƙaru, ban musa ba.

BaKatsine_Denba
Ni ba sayarwa zan yi ba Kawu.

Injiniya_Wpg
@BaKatsine_Denba tunda a Denba kake, bangon da ka kafa ka bar masa rata a ƙasa, ko ka ɗaure shi daga daɓe har sama? Ƙasarku yumɓu ce mai kumbura in ta sha ruwa, kamar tamu a Winifeg. Daɓen besmen yana ɗagawa, shi ya sa a can ake rataye bangon daga sama a bar masa sarari a ƙasa. In ba haka ba yana iya tura benen sama, ƙofofi su fara cijewa.

BaKatsine_Denba
Bari in sauka in duba.

Malam_Nura_Filadelfiya
Kafin ku yi nisa. Baban Ilham, tabbas banki zai fara aiko maka da takardu cewa ka ci bashi a kan darajar gidanka ka gama aikin lokaci guda. Kar ka kula su. Kuɗin ruwa ne, kuma gidan ne jingina. Yadda ka ɗauko shi da kuɗin hannu ya fi albarka ko zai kai shekara biyar. Sannu ba ta hana zuwa.

DanMaradi_Greensboro
Mu nan adashi muke yi. Mu goma ne, kowa dala 300 a wata, mai kwasa ya ɗauki 3,000. Da kwasata na sa rufin gida. Irin aikinka da adashi ya dace, don akwai abin da ba ya yiwuwa da ɗari huɗu ɗari huɗu, kamar tagar nan da Injiniya ya faɗa. Ka roƙi a ba ka kwasa lokacin zafi, sa'ad da ake iya haƙa.

Maman_Sadiq_Indiyana
Adashi da mutanen kirki dai. Namu uwar adashin ta koma gida hutu da kwasa biyu, yau wata goma sha huɗu.

DanMaradi_Greensboro
Subhanallahi. Ai shi ya sa mu sai wanda muka san gidansu a Maraɗi.

Kafinta_Detroit
Na karanta duka. Sana'ata ce, bari in sa baki. Baban Ilham, akwai inda gini a nan ya bambanta da na gida, kuma shi ke kama mutanenmu. A Kano ka kai linta ka tafi shekara uku, ba mai tambayarka. Nan takardar izini tana mutuwa. A wurare da yawa in aiki ya tsaya kimanin wata shida ba motsi, ta lalace, sai ka sabunta ka sake biya. Saboda haka kar ka karɓe ta yau. Akwai ayyukan da galibi ba sa bukatarta: gyaran indararo, gangarar ƙasa, toshe ƙananan tsagu, kwashe tarkace, fenti. Yi waɗannan a watannin farko kana tara kuɗi da kaya. In ka tara na katako da waya, sai ka karɓi izinin ka yi su a jere. Kira ofishin ginin garinku ka tambaya, a garuruwa da yawa mai gida da ke zaune a gidansa yana iya karɓa da kansa.

Bangon kuwa ga yadda nake yi. Allon soso mai tauri ake fara mannawa a jikin kankaren, a rufe haɗinsa da salatif, don iskar ɗaki mai ɗumi kar ta taɓa bango mai sanyi ta zama raɓa. Sannan katako tu-bai-fo a gabansa, tazarar inci 16. Wanda zai kwanta a kan siminti lallai ya zama mai magani, koren nan, in ba haka ba zai ruɓe. Kar ka cusa audugar gilashi ta tare sanyi kai tsaye a jikin kankare ka rufe da leda. Ina jin abin da ya sami Kawu ke nan. Bayan katako sai mai wayarin, sai sufeto ya zo ya gani, sannan ka rufe da allon jifsam. Kar ka rufe kafin ya zo, zai sa ka buɗe. Allon ka ɗaga shi rabin inci daga daɓe. Sosan nan kuma ba a barinsa a buɗe a yi ta zama da shi, yana cin wuta, hayaƙinsa mugu ne. Kar ka manna shi sai ka san kana da kuɗin rufe shi.

Gaban akwatin wuta ka bar ƙafa uku ba komai. Injin ɗumama kar ka matse shi a ɗan ƙaramin ɗaki, yana bukatar iska, mai gyara ma yana bukatar wurin tsugunawa. Ka sa ƙararrawar hayaƙi da ta iskar gas mai kisa tun yau, ko ba ka fara komai ba.

Kawu_Minisota
Auduga da leda, shi ne fa. Kamar kana wurin.

Baban_Ilham
Malam Kafinta Allah ya saka da alheri, na kwafe wannan na ajiye. Maganar mutuwar takarda ban taɓa ji ba. Wayarin fa, in yi da kaina? Na ɗan taɓa a gida.

Kafinta_Detroit
Huda katako da jan waya za ka iya in garinku ya yarda. Haɗawa da akwatin wuta ka bar wa mai lasisi. Ƙarfin wutar gida bolt 230 ne, nan 120, kuma ƙa'idojin ba ɗaya ba ne, soket na besmen sai mai katse kansa in wuta ta zame ta bi ruwa ko jikin mutum. Wani abu kuma, tunda ginin 1974 ne: in ka ga tsofaffin tayil ƙanana masu inci 9 a wani sashe na daɓen, ko wani farin abu naɗe a bututu, kar ka kankare. Yana iya zama asbestos, wani tsohon kayan gini da ƙurarsa ke lalata huhu. A gwada tukuna.

Uwar_Biyu_Toronto
Ba wanda ya yi maganar banɗaki, alhali shi ne rabin kuɗin. Duba daɓen ko magina sun bar bakin bututu a rufe. In akwai, ka ci sa'a. In babu, ko a fasa siminti, ko ka sayi masai mai injin niƙa da ke tura ƙazanta sama. Kuma don Allah ku riƙa tunawa da yadda muke amfani da ruwa. Banɗakin Bature busasshe ne, ba magudana a ƙasa. Mu ga buta ga alwala sau biyar. Ni na sa an yi min tayil har rabin bango, da ɗan wurin zama da famfo a ƙasa-ƙasa don wanke ƙafa. Duk baƙon da ya shiga sai ya ɗauki hoto.

Ka kuma tambayi inshorarka ko ta haɗa da ruwan kwata da ke dawowa ta bututu. Yawanci ba ya ciki sai ka ƙara. Mu ruwan Yulin 2013 ne ya koya mana.

Hajiya_Kalgari
Wurin wanke ƙafar nan ki turo min hotonsa ta akwati.

Abu_Fatima_Milwoki
Ni fa ina ganin an cika wa mutumin nan kai. Ga abin da na yi, ban kafa bango ko ɗaya ba. Na wanke wurin, na yi wa kankaren farin fenti, saman ma na fesa wa katako da bututun fenti, ban sa silin ba, in bututu ya yi yoyo ina ganinsa. Na ƙara fitilu, na shimfiɗa manyan dardumai, na jera matasai a jikin bango irin zaman gida, labule ya raba mu da injin. Nan muke tarawihi da maƙwabta, alƙibla ma ta faɗo daidai kusurwar arewa maso gabas inda ba tarkace. Nan aka yi walimar sunan 'yata. Ranar da ruwa ya ɗan shigo, naɗe darduma kawai muka yi. Ba a kwana a ciki, shi ke nan. In yara suka samu wurin wasa da karatu a ƙasa, sama ma sai ta yi faɗi.

Maman_Sadiq_Indiyana
Wajen kaya kuma, ka leƙa ReStore, shagon kayan gwanjo na ƙungiyar Habitat for Humanity, ana samun ƙofofi da fitilu da ragowar tayil da araha. A shagunan kayan gini na Home Depot da Lowe's akwai fentin da aka haɗa wa wani ya ƙi karɓa, suna karyar da shi, sai dai ba kai ke zaɓen launi ba. Ɗakin yaranmu shi ya sa ya zama ruwan ƙwai. Facebook Marketplace ma mutane na sayar da ragowar kayan aikinsu. Daɓe kuwa ka manta da kafet mai soso. Leda mai kama da katako, wadda ake haɗawa kamar wasan yara, ita ce ba ta tsoron ruwa, kuma ita ce ta ƙarshe.

Kafinta_Detroit
Allon jifsam dai kar a saya a jibge a ƙasa wata da watanni, yana shan danshi. Ranar da za a sauke shi ka kira gayya, kowane ɗaya ya haura kilo 20, ga lanƙwasar matakala.

DanMaradi_Greensboro
In akwai tuwo da miyar kuka, daga nan ma sai mu zo.

Baban_Ilham
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Na ɗaga leda. Ta daɓe a bushe, ta bangon gabas a bushe, ta bangon da ke bayan gida ƙarƙashinta ya yi duhu, kuma akwai farin garin da Kawu ya faɗa. Na fita na duba, bututun ruwan rufi a wurin ya cire daga haɗinsa, ban san tun yaushe ba. Takardar radon na samo, 3.6 aka rubuta, gwajin kwana biyu ne da aka yi a watan Yuni. Injiniya, wannan ya isa ko in sake? Akwai kuma wani rami mai murfi a kusurwa da injin zuƙe ruwa a ciki, na zuba bokiti biyu bai tashi ba.

Maganar Hajiya mun yanke, sama za ta zauna, mazan biyu za su sauka. Sai dai ke nan taga ta zama dole. Maman Ilham kuma ta ga bayanin Abu Fatima ta ce ita falon nan take so kafin azumi, ɗakin ya jira.

Injiniya_Wpg
Sake shi, da hunturu, gida a rufe, kuma mai dogon zango, wata uku. 3.6 a Yuni yana iya haura 4 a Janairu. Injin zuƙe ruwan kuwa shi ne sayayyar wannan watan, kafin fenti kafin komai. Duba ko a jone yake tukuna, ka kuma ɗaga ƙwallon da ke iyo a ciki da hannu ka ji ko zai yi ƙara. In za ka canza, nemi mai batirin ko-ta-kwana, don ranar da ake ruwa mai ƙarfi ita ce ranar da wuta ke ɗaukewa.

Abu_Fatima_Milwoki
Maman Ilham ta fi ku gaskiya. Falo tukuna.

Kawu_Minisota
Ba fenti a bangon bayan nan sai ya ga Afrilu ya bushe. Sauran ukun ku yi ta yi.

BaKatsine_Denba
Injiniya, na duba. Ba rata. Kuma ƙofar kicin ɗinmu tun bara take cijewa, na ɗauka danshi ne. Yanzu ya ake yi, sai an cire bangon duka?